Tubalin da Ya Wuce Hannun Magini

Ƙawata Uwani, matso kusa ki ji wani misali, tunda na ga ranki ya ɓaci kina neman abin da za ki jefi mutum da shi.

Akwai wasu 'yan'uwa biyu magina, wa da ƙane, suna ɗaga bangon wani soro. Kin san yadda aikin yake: ɗaya ya hau kan bango ya zauna ƙafa nan ƙafa can, ɗaya yana ƙasa yana jefa masa tubali, shi kuma yana cafewa yana ɗorawa. Ƙa'idar kuwa ita ce, na ƙasa ba ya jifa sai ya waiwaya ya ga bayansa ba kowa, kuma sai na sama ya buɗe hannu. To, ubangidansu ya hawar da ƙanen sama, ya bar wan a ƙasa, abin yana cin wan a rai tun safe. Bango ya yi tsawo, rana ta take, tubali ya fara gazawa a hanya. Sai ƙanen ya leƙo yana dariya ya ce, "Yaya, ko kokon safe ne ya sauka? Ƙaro ƙarfi mana!" Masu kwaɓa ƙasa suka kwashe da dariya. Wan ya sunkuya ya zaɓi tubali mafi girma, busasshe kamar dutse, ya ce a ransa sai ya wurga shi ya wuce kan yaron nan, ya kama iska a gaban jama'a. Bai waiwaya ba, bai jira hannu ba. Ya gantsare ya saki da duk ƙarfin da Allah Ya ba shi.

Tubali ya tashi, ya wuce hannun ƙanen, ya wuce kansa, har masu dariya suka ɗaga kai suna kallo. Sai dai gantsarewar ta yi yawa, jifan bai nufi bango ba, sama ya miƙe ya ɗan karkato baya. Wan yana kallo gudunsa na raguwa, na raguwa, har ya tsaya cak kamar an rataye shi. Uwani, Ubangiji Ya sa duk abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa: tubali na jan ƙasa, ƙasa na jan tubali, amma ina ƙarfin ɗan curi a gaban duniya sukutum? Ƙarfin hannu ƙarewa yake yi, jan ƙasa kuwa ba ya hutawa. A daidai nan wan ya ji sallama a bayansa. Matarsa ce ta kawo masa fura, ta durƙusa tana sauke ƙwarya, goyo na barci a bayanta, tsakar kan jaririn ko ƙashi bai gama haɗewa ba. Ga tubali ya juyo, yadda ya tafi yana sanyi haka ya dawo yana ƙara zafi. Ihu ba zai tsayar da shi ba, ba kuma lokacin da za ta fahimta ta kauce. Ya yi salati ya faɗa kansu ya rufe su da jikinsa. Tubalin ya sauka a kafaɗarsa ta dama, aka ji ƙas. Jariri ya farka da kuka, ko ƙwarzane babu. Shi kuwa an kai shi ga maɗori, ƙashi ya haɗu a karkace, har yau hannun nan ba ya kai loma baki sai ya sunkuyar da kai.

Shi ya sa Hausawa suka ce, komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Don Allah ki bar shi tsakaninmu, kar ki gaya wa kowa. Mutumin yana nan da ransa, kuma jaririn ya girma bai san abin da ya sami hannun babansa ba.