Hatsin da Ya Ƙi Bin Lissafi

Nasiru ya tsaya bakin labo, ɗakin binciken da Zuwera ke aiki, riƙe da tukunyar hatsin gwaji. Zuwera ta yi shekaru tana lissafi a ordinater, wato kwamfuta, kafin ta nuna ƙwayar gadon da take ganin za ta sa hatsi ya jure fari. Shi ya gwada a gonar gwaji ta Tondibiya, shukar duk ta bushe. Ga shi jibi iyayensa za su je neman aurenta.

"Zuwera, lissafinki bai fita ba," ya ce, ya kasa kallonta.

Ta shafa busasshen ganyen.

"Wa ya sani?"

"Ni kaɗai."

Ta ɗago, idonta cike da ƙwalla. "Da ka ɓoye mini, Nasiru, da na ce kada iyayenka su zo."