Wa Ya Ba Ku Izinin Yafewa?

Ranar Lahadi, 25 ga Disamba, 2022, aka yi wa Malam Iliya Ari laifin, a wani ɗan coci mai rufin kwano a bakin garin Haɗeja.

Fasto Bulus ya yi wa'azi a kan jaririn da aka kwantar a komin dabbobi. Ya ce Allah bai jira mutum ya gyaru ba kafin ya aiko Mai Ceto, kyauta ce, ba lada ba. Malam Iliya ya saurara yana kallon takalmansa. Duk tsawon koyarwarsa, har ya yi ritaya, bai taɓa ba ɗalibi makin da bai ci ba.

Sai 'yarsa Rifkatu ta miƙe. Tun ambaliyar Satumba ba a ji muryarta a coci ba, tun safiyar da kwalekwale ya kife a hanyar Auyo da ɗanta Ayuba a ciki, sanye da sabbin kayan makaranta.

"Wanda ya tuƙa jirgin nan na yafe masa," in ji ta. "Yau aka haifi wanda ya ɗauke zunubin kowa. Ban ga dalilin da zan riƙe nasa ba."

Jama'a suka ce amin. Ba wanda ya waiga.

Malam Iliya ya fita kafin waƙar rufewa. A gida aka kawo masa shinkafa da naman kaza, ya bar su a rufe har suka huce. Maƙwabcinsa Alhaji Badamasi ya leƙo yi masa barka da Kirsimeti, ya amsa daga ɗaki. Bai yi kuka ba. Tun ranar jana'iza hawaye suka ƙi zuwa, abinci ba ɗanɗano, kuma ko kasuwa za shi sai ya yi zagaye don kada ya bi ta bakin kogi, inda Tasi'u mai fito ke ɗaure jirginsa.

Ran nan ya sa rigarsa mai guga, ya je gidan Fasto, ya same shi a ƙofa. Rifkatu ta biyo shi.

"Baba, ka zo mu koma."

"Yi shiru. Ba da ke nake ba tukuna." Ya fuskanci Fasto. "Laifi yana da hukunci. Haka na koyar, haka na sani. An kashe yaro, kun taru kun share da amin guda."

"Malam, abin da Almasihu ya zo yi ke nan."

"To, ban karɓa ba. A gaban jama'a aka yi, a gaban jama'a za a janye, ranar Lahadi, kuma a ba ni haƙuri. Ni da na ƙwace filafilin tuƙi daga hannun Tasi'u, na ce makaranta ba ta jiran ruwa ya janye, na tuƙa jirgin da kaina, wa ya ba ku izinin yafe mini?"