Jifa Uku na Sallama

Jifa uku suka rage masa, sai ya yafito ni da hannu.

Shekara ashirin da shida yana jefa ƙwallon besbol a garin nan na Osaka, sha tara daga ciki ni ke tsugune ina cafe masa. Yau ce ranar sallamarsa, kuma kowa ya san al'adar: mai bugun ƙwallo na abokan hamayya zai kai wa iska gora sau uku da gangan, tsoho ya sauka da mutuncinsa.

"Je ka gaya wa mai tumbin can da ke riƙe da gora," in ji shi, "in ya yi mini sadaka, kada ya zo jana'izata."

Na koma na tsuguna, na isar da saƙo. Mai bugun, abokin karawarsa tun suna samari, ya ce, "So yake garin nan ya tsine mini?"

"Ai ka san halinsa."

Jifan farko, mutumin ya kai gora da dukkan ƙarfinsa, ya rasa. Na biyu ma haka, saboda ƙarfin jifan tafin hannuna har da zogi, abin da na yi shekaru ban ji ba. A na uku gora ta sami ƙwallo, ƙwallon ta haye katanga, mai bugu ya ci maki ke nan.

A gaban 'yan kallo dubu arba'in, mai bugun ya zagaya fili yana share hawaye.

Tsohon kuwa ya cire hula, ya rusuna masa sosai, sannan ya juyo gare ni yana murmushi.

"Ka gani ko, ƙanena? Har yau sai an yi da gaske ake kayar da ni."