Tudu Biyu

Shekarar fari ce, sojoji na mulki, aka ba Babana aikin rufin mangazar ajiye hatsin taimako. Na kai masa fura da azahar, na tarar da shi durƙushe kan kwanon rufi, metir na awo a hannu. Har yau ina jin ƙamshin ƙarfen da rana ta gasa.

Ya kama yatsana ya ɗora bisa tudun kwanon. "Daga tudu zuwa tudu ake awo, 'yata, ba a bin kwari. Kuma kowane kwano sai ya hau ɗan'uwansa da tudu biyu."

Sojan da ke tsaron wurin ya ce, "Malam, kwanon ba zai isa ba, yi tudu ɗaya. Wane ruwa kake tsoro a Agadas?"

Lokacin ba a musu da mai kaki. Baba ko kai bai ɗaga ba, ya ja layinsa da alli.

"Ranka ya daɗe, ba don bana nake rufi ba. Ranar da Allah ya saki ruwa, abincin mutane ne a ƙasa."

Sojan ya tafi neman ƙarin kwano.

Baba ya daɗe da rasuwa. Amma duk damina, in ruwa ya fara dukan kwano, yatsan nan nake dubawa.