Littafin da Ya Tafi da Sale

Abdurrahamane yana da shekara ashirin da shida, shi ne mushe, wato malami, a lakwal, makarantar bokon garin Attantane. Bayan la'asar yakan karanta wa yara wani littafi da ya sayo a Maraɗi, labarin wani makiyayi da ya bar gida ya yaƙi sarkin aljannu. Sale, ƙanen budurwarsa Shatu, ya fi kowa son labarin. Da kakar bana Sale ya hau motar gyaɗa mai zuwa Kano, har yau babu labarinsa.

Kwanan baya Abdurrahamane ya tarar da Shatu a ƙofar gidansu tana ɓarar gyaɗa. Ta amsa sallama, amma ba ta shimfiɗa masa tabarma ba.

"Shatu, kawuna zai kawo goron tambaya ran Jumma'a."

Ta dubi littafin da ke hammatarsa. "Mushe, makiyayin nan, ya komo wurin uwarshi?"

"Ya komo, bisa farin doki."

"Haka Sale ya ce wa Inna shi ma zai komo. Kullum sai ta zuba mashi tuwo ta rufe. Da wane baki zan ce ta amshi goronka?"

"Wallahi ban tura shi ba."

"Na sani. Ni ma bayan danga nike laɓewa in saurara. Da namiji ce ni, da na riga shi tafiya." Ta sunkuyar da kai. "Kawu ya riƙe goronshi sai Sale ya komo."

Jiya da hantsi Abdurrahamane ya bar wa yaran littafin, ya hau motar gyaɗa mai zuwa Kano.