Mai Jar Hula a Cikin Ƙanƙara

Ran nan Baba ya dawo daga tashar jiragen ruwa ta Jidda tun kafin la'asar, abin da bai saba ba. Na ji yana gaya wa Inna cewa kafili, ubangidan da ya tsaya masa, ya ƙi sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, halas, shi ke nan, sai ya koma Sudan. Ni da ita za mu zauna wurin kawuna.

Bai taɓa abinci ba. Ya sauko da zanen da wani ma'aikacin jirgi ɗan Rasha ya ba shi, ya zaunar da ni kusa da shi. Fentin ruwa ne a kan takarda, babu gilashi. Wani tsohon gari ne, ƙanƙara ta lulluɓe gidaje, ga wani mai jar hula yana jan 'yarsa a kan katako da igiya. Duk ranar da zafin unguwarmu ta Balad ya ishe mu, gabansa muke zama, Baba ya ce, "Yalla, zo mu sha sanyi."

Ran nan bai faɗa ba. Wani ɗigo ya sauka a kan mai jar hula. Baba ya yi maza ya goge da babban yatsa, sai mutumin ya bi yatsan, ya zama jan tabo.

"Gumi ne," in ji shi, bai dube ni ba. "Kin gani, ko mutumin Rasha bai iya zaman Jidda ba."

Yanzu na girmi Baba na wannan rana, zanen kuma yana ɗakina. Yarinyar tana nan zaune, igiya a miƙe, tana jira a ja ta.