Sunan Surukata

"Hannatu? Ba dai ina raye ba," na gaya wa 'yata a ɗakin masu jego, da ta faɗi sunan da za ta sa wa jaririyarta. Sunan marigayiya surukata ke nan, wadda ta shekara talatin tana kirana "wancan mai littattafan". Ko ranar da muka binne matata sai da ta kushe rigata.

"To Anna, Baba?"

"Ita ce, an yanke mata kai da jela."

"Anita fa?"

"Ita ce dai, ta zagayo ta Sifen. Duk daga Ibrananci suke, wai alheri. Ni ban ga ko ɗigo ba."

'Yata ta gaji, ta ce in zaɓa. Na zaɓi Salamatu, wato zaman lafiya, abin da tsohuwar ta hana ni. Na tsaya a kan ma'aikaciyar asibiti har ta rubuta a takardar haihuwa, ta buga hatimi.

Sai ga ƙanwar matata ta shigo. Tana karanta takardar ta fashe da kuka.

"Allah ya saka maka, Yaya! Ashe ka san sunan Inna na gaskiya! Hannatu ai na matar da ta raine ta ne, ya bi ta."

Jaririyar ta buɗe ido, ta dube ni sama da ƙasa, ta taɓe baki.